Kafin ka zuba kuɗinka a bodin tirela: saye, ba da haya da ɗaukar talla

Aikina riƙe littafi ne a wata harabar manyan motoci da ke kan hanyar Jibiya, nan cikin Katsina. Ni ke rubuta motar da ta tashi, da abin da ta ɗauka, da kuɗin gas da aka ba direba, da abin da ya dawo da shi. Shi ya sa mutane kan same ni da tambaya iri ɗaya. Wani ya sayar da gona, wani an biya shi kuɗin sallama, wani rabon gado ne ya zo mashi, duk suna son shiga harkar tirela amma kuɗin ba su kai na cikakkiyar mota ba. Abin da nake faɗa masu shi zan shimfiɗa a nan.

Tirela abu biyu ce da aka haɗa, kai da bodi. Kai shi ne mai inji da giya da ɗakin direba, ko DAF ne, ko MAN, ko Mack, ko Howo ta China da ta cika hanyoyinmu a 'yan shekarun nan. Shi ke shan gas, shi ke kwana a gareji, shi ke lashe mafi yawan kuɗi. Bodi kuwa ƙarfe ne da tayoyi da birki, ba inji ba giya. Mai ƙaramin jari zai iya mallakar bodi shi kaɗai ya ba mai kai haya, kuma masu nema ba sa ƙarewa: wani nasa ya yi hatsari, wani na siminti gare shi alhali lodin shanu ya samu. A ganina wannan ce ƙofar da ta fi dacewa da sabon shiga. Sai dai ka sani tun yanzu, bodi ba ya motsi sai a bayan kan wani. Kamar saniya ce da ka ba da kiwo, ba ka ganin inda ta yini, ba ka ganin abin da ta ci, sai labarin da aka kawo maka. Dalilin ke nan da zan fi daɗewa a kan takardar yarjejeniya.

Wane kaya zai ɗauka?

Kada ka je kallon bodi sai ka san kayan da zai riƙa ɗauka. Abin da ke fita daga jihar nan sananne ne: masara da dawa da waken suya daga kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtuwa idan kaka ta yi, shanu da tumaki daga Mai'aduwa da Caranci musamman gab da Babbar Salla, sai wake da aya da ke shigowa daga Nijar ta Jibiya da Kwangwalam. Abin da ke zuwa mana kuma siminti ne daga Obajana ko Kalambaina, da taki kafin damina, da fulawa da sukari da kwantena daga Legas. Shimfiɗaɗɗen bodi mara gefe ya dace da siminti da rodi da kwantena, matuƙar yana da makullan da ke riƙe kusurwoyin kwantena mai ƙafa 20 ko 40. Mai dogon gefe shi ne na hatsi da dabbobi, kuma shi na fi nuna wa ɗan Katsina, don zai tafi da masara ya dawo da taki. Daga nan zuwa Legas ya fi kilomita 1,000, babu mai kan da zai so ya jawo bodi wayam daga wannan nisa. Tankar mai kuwa ka bar ta tukuna, harkarta daban ce, da ƙungiyarta da takardunta.

Idan kuma Maraɗi kake hange, ka tuna an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris na 2024. A lokacin na ga motocin da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ran da jirgi ya fara jigilar kaya, lodin wannan hanya ba zai zauna yadda yake ba. Ka sayi bodin da zai iya cin abinci a hanya fiye da ɗaya.

Ranar dubawa

Ka tafi da naka mai walda da naka bakanike, ba waɗanda dillali ya kawo ba. A ajiye bodin a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba kaya a kai, a wanke shi, a duba da rana tsaka. Ka tsaya daga baya ka tsugunna ka bi manyan ƙarafuna biyu na shasi da ido har zuwa gaba. In ɗaya ya lanƙwashe ko ya fi ɗan'uwansa sauka, bodin ya taɓa faɗuwa ko ya sha lodin da ya fi ƙarfinsa. Inda ka ga sabon fenti a wuri ɗaya tak, sa a kankare, sau da yawa walda ce a ƙarƙashi. Wuya, wato inda bodi ke hawa bayan kai, nan ne ya fi tsagewa, kuma waldar wuya ba ta cika daɗewa ba. A jona shi da kai, direba ya ɗan ja ya taka birki. In ka ji ƙara "ƙwas" daga tantebur, wato farantin ƙarfen da ke bayan kai inda bodi ke zama, ƙusar da ke riƙe bodin ta cinye.

Bodi da yawa a Kano da Kaduna ake haɗa su, a sa masu aksul (ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kai) na waje, BPW na Jamus ko Fuwa na China. Ba laifi ba ne, wasu ma sun fi 'yan Kwatano jure hanyarmu, abin lura shi ne a samu kayan gyaran aksul ɗin a kasuwa. Tsofaffin tayoyin da ke jiki su za su gaya maka gaskiyar aksul: in sun cinye ta gefe ɗaya, aksul ya karkace, kuma haka zai riƙa cinye sababbi. Ni na fi son mai sifirin a kan mai jakar iska, don ganyen sifirin in ya karye a Tegina ko Mokwa za a samu mai gyara a bakin hanya. A cika iskar birki a kashe mota ka saurara ko akwai inda take tsiyaya, sannan a tabbatar birkin kowane aksul yana kamawa, don akwai masu kashe na ɗaya su ci gaba da tafiya a haka. Kada ka manta da ƙafafun da bodi ke tsayawa a kai idan an cire kai.

Bodi mai aksul 3 tayoyi 12 gare shi, ban da safaya. Kuɗinsu kaɗai zai iya mayar da araha tsada. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta; 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta bai goge ba. Ka lissafa nawa za ka canza ka cire daga farashi tun a wurin ciniki.

Takardu kuma, lambar da aka buga a jikin shasi ta dace da ta rasit. In daga waje aka shigo da shi, a ba ka takardun kwastan. In haɗin gida ne, rasit ɗin wanda ya haɗa. A rubuta takardar sauya mallaka da shaidu, zai fi kyau a samu wani daga ofishin NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, ya sa hannu. Akwai rajistar kadarorin jingina da Babban Bankin Najeriya ke kula da ita a ƙarƙashin dokar 2017. Sa a bincika maka ko an ci bashi da bodin. Ka biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke kan takarda.

Ba da haya

Hanyoyi uku ake bi. Ko a yanke kuɗi wata-wata, ko a biya ka a kan kowace tafiya, ko a yi tarayya a raba riba tsakanin mai kai da mai bodi. Ga wanda bai san hanya ba, na wata-wata ya fi kwanciyar hankali, ko da ya fi ƙaranci. Aibinsa shi ne mai haya zai riƙe bodin daga kaka zuwa Salla, ya dawo maka da shi cikin damina lokacin da lodi ya ja baya, don haka a yanke wa'adin da ya haɗa lokacin ci da na rashi. Na kowace tafiya ba ya yiwuwa sai ka sa na'urar bin sawu a jikin bodin kansa, mai nata batir, ba wadda ke cikin kai ba, in ba haka ba za a je Fatakwal a ce maka Zariya aka tsaya. Tarayya kuwa na ga ta raba 'yan uwa ciki ɗaya, kuma ba a kan kaso ake faɗan ba, a kan abin da ake cirewa kafin raba ne: gas, kuɗin hanya, kamasho, abincin direba da yaron mota, faci, da "kuɗin da aka ba ma'aikata" wanda ba shi da rasit. In za ka yi, a lissafa abin da za a cire ɗaya bayan ɗaya a takarda, abin da ba ya ciki ba a cire shi.

Mutanenmu na jin nauyin rubutu. Za ka ji an ce, "Haba Alhaji, tsakanina da kai har sai an yi takarda?" Ka amsa da fara'a cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ƙi rubutu bayan wannan, kada ka ba shi.

Abu na farko a takardar shi ne tayoyi, don ta nan aka fi cutar mai bodi. Ka ba da shi da sababbi 12, bayan wata biyu ka tarar rabi sun koma jikin kai, an sa maka gwanjo. A rubuta lambar kowace taya da sunan kamfaninta, a ƙona alamarka a gefenta, a ɗauki hoto ranar miƙawa gaban shaidu. A kuma fayyace: tayar da ta tsufa a kan aiki ta wa ce, wadda ta fashe saboda lodi ko rashin iska ta wa ce. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne duk taya da birki da giris da fitila a wuyan mai haya, shasi da aksul a wuyan mai bodi, sai in ganganci ne ya jawo. Wannan ya yi daidai da abin da malamai ke karantarwa a babin ijara, cewa abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka yi mashi. To ka ga ke nan dole a rubuta iyakar, in ba haka ba da me za ka kama shi?

Iyaka ta farko nauyi. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 600 tan 30, buhu 900 tan 45. Hatsi in buhun kilo 100 ne, 300 sun cika tan 30. Ɗan kamasho da direba kowa na son a ƙara, don kuɗinsu na ƙaruwa nan take, kai kuwa tsagewar wuya da karyewar sifirin sai bayan watanni za su bayyana, lokacin da ba wanda zai amsa laifi. Rubuta iyakar tan, ka ce a riƙa turo maka hoton takardar kaya ta WhatsApp kafin mota ta tashi. Ta biyu hanya: ina da ina aka yarda ya je, ba a tsallaka Nijar sai da izininka a rubuce (can suna da ma'aunin nauyi a hanya, kuma suna cin tara), ba a bin Birnin Gwari ko Funtuwa zuwa Gusau da dare. Ta uku, ba zai ba wani haya a kan hayarka ba, kuma ba za a jona bodin da wani kai ba sai wanda aka rubuta lambarsa.

Akwai wani sharaɗi da mutane ke mantawa, alhali a garin bakin iyaka irin namu shi ne mafi hatsari. In kwastan suka kama mota da kayan fasa-ƙwauri, ba kayan kaɗai suke riƙewa ba, har da abin da ya ɗauko su. Bodinka zai iya shafe watanni a harabarsu, ko ya salwanta gaba ɗaya, a kan shinkafar da ba ka san da ita ba. A rubuta ƙarara cewa in haka ta faru kuɗin haya na ci gaba da hawa, fito da shi a wuyan mai haya, in ya salwanta ya biya ƙimarsa, kuma a faɗi ƙimar da lamba tun ranar. Saboda irin wannan ne ake karɓar kuɗin ajiya, a kuma nemi mai tsaya mashi, mutum mai gida da sana'a a gari wanda za a iya samu.

Ka ga lasin direban da idonka, ajin G ne na masu jan tirela. Ka tambayi na'urar taƙaita gudu da FRSC ta fara tilastawa a Fabrairun 2017; gudun tirela a doka bai wuce kilomita 60 a awa ba ko a babban titi mai hannu biyu. Inshora kuma kada a rufe ka da takardar "akwai". A Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗin inshorar dole ga motocin dakon kaya naira 100,000, amma wannan ɓarnar da aka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 5 a dukiya. Ba ta biyan bodinka, ba ta biyan kayan da ke kai. In kana son a biya ka ran da ya kife a Lambata, sai an yi cikakkiyar inshora da sunan bodin da lambar shasinsa, ko ta takaful, wato inshorar Musulunci, ga wanda ya fi natsuwa da ita. Ita kuwa yarjejeniyar haya, akwai dokar hayar kayan aiki ta 2015, don haka a kai wa lauya ya duba. Kuɗin da za ka ba lauya ya duba takardar bai kai na taya ɗaya ba.

Game da karɓar mota ta banki, Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya zo a 2019 suna yin ijara, wato haya, da murabaha, wato su saya su sayar maka da ribar da aka sani. Shawarata kada ka sa hannu sai kana da rubutacciyar kwangilar lodi daga kamfani, don banki bai san damina ba, bai san an rufe Jibiya ba, ranar biya ranar biya ce. Waɗanda suka ɗauka kafin 2022, shekarar da kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, sun ji a jikinsu.

Talla a jikin bodi

Bodin da ke zirga-zirga daga Katsina zuwa Legas dubban idanu ke ganinsa, kuma kamfanonin taliya da taki da irin shuka da na waya sun san haka. Amma ba kowane bodi ke karɓar talla ba. Rufaffe mai santsin gefe shi suke so. Na shanu mai tazara tsakanin ƙarafuna sai dai ƙofar baya, ita ma tana da daraja don wanda ke biye da kai a cunkoson Tafa ko Mararrabar Jos ita zai yi ta kallo. Za su tambaye ka hanyar da motar ke bi da kwana nawa take a kan titi, nan na'urar bin sawu za ta sake yi maka rana.

Kafin ka yi murna da kuɗin, ka tambayi wa zai biya izini. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da tallan waje, wasu jihohi kuma suna da hukumarsu, kamar LASAA a Legas. Motar da ke ɗauke da talla kowane mai karɓar haraji a hanya zai tare ta ya nemi sitika, kuma direba ne zai sha tsayuwa da kayan mutane a kai. Ko sunan kamfaninka da lambar waya da ka rubuta da manyan baƙaƙe, a kudu ana iya lissafa shi talla. A rubuta cewa mai talla shi zai yanki izinin duk jihohin da za a bi, ya miƙa takardun a ajiye cikin mota, kuma shi zai nemi amincewar ARCON, hukumar da dokar 2022 ta ɗora wa tace tallace-tallace. In har za a riƙa tsare mota yini guda a kan talla, kuɗin tallar bai biya asarar ba.

Sai ka nemi yardar mai haya, don talla na iya hana shi lodi. Bodin da ke ɗauke da sunan wani kamfanin siminti ko fulawa, da wuya abokin hamayyarsa ya bari ya shiga harabarsa. Tallar giya da ta caca ba sai na faɗa ba, ba ta shiga garin nan lafiya, kuɗinta ma ba na ci ba ne. Hoton ɗan siyasa kuwa ina roƙonka ka bar shi komai yawan abin da aka ba ka. Motar za ta ratsa jihohi da yawa, ba ka san inda za a jefe ta ba, kuma yaron mota ne ke zaune a sama. Kada talla ta rufe lambar mota, ko fitilu, ko jan ƙyalle mai ƙyalli da ke nuna bodi da dare. Addu'o'in da masu fenti ke rubutawa a ƙofar baya, irin su "Allah ya kiyaye hanya", direbobi na ji da su, ka tambaya kafin a shafe.

Shi kansa bodin in kana neman mai haya, fara da ofishin ƙungiya da 'yan kamashon tasha, su suka san wanda ke biya da wanda ke gudu. In za ka sa a Facebook ko zaurukan WhatsApp na masu motoci, sa hoton gefe da baya da tayoyi, ka faɗi tsawo da yawan aksul da garin da yake, amma kada ka sa hoton takardu ko lambar shasi, ana amfani da su a sayar da abin da ba a mallaka ba. Duk wanda ya kira ya ce a kai mashi bodi wani gari zai biya a can, ka ce ya zo Katsina da kansa da mai tsaya mashi.

A takardar talla a sa wa'adi, wata 6 ko shekara, don ranar nan tamu da ƙurar hunturu na kashe launin ledar tallar da ake liƙawa da wuri, kuma wasu kamfanoni kan ƙi biyan watannin ƙarshe su ce hoton ya koɗe. A rubuta wanda zai sabunta, da wanda zai ɓare ledar in wa'adi ya cika. Ɓarewar kan taho da fenti, saboda haka kuɗin sake fentin gefen da aka liƙa su shiga cikin biyan farko, ka riƙe su a hannunka tun kafin a kawo ledar.